Barka da Sallah daga bakin kogin Volga

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ina yi muku barka da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana, ya nuna mana ta baɗi da rai da lafiya. Ni lafiyata ƙalau, alhamdulillahi, karatu ma yana tafiya. Kewar gida ce kawai ta taso min tun da asuba, ita ta sa na zauna rubutu, don abin da ke bakina ya fi ƙarfin waya. Yaya ya karanta muku idan hidima ta lafa.

A wannan lokaci na shekara rana tana fitowa a nan wajen ƙarfe uku na dare, ba ta faɗuwa sai bayan takwas. Mun yi Idi a masallacin Kul Sharif, cikin ganuwar birnin Kazan. Yau hutu ne a duk faɗin Tatarstan, yankin ƙasar Rasha da Kazan ke ciki, saboda ƙabilar Tatar Musulmi ne. Masallaci ya cika maƙil, an yi kabbara, an yi huɗuba da yarensu, raina ya yi fari. Amma ana shafa addu'a kowa ya kama gabansa. Babu tambari, babu algaita, ko doki ɗaya ban gani ba. Ba a yanka a ƙofar gida kuma, hukuma ta ware wurare a bayan gari, can ake zuwa a yi layya, nama ya dawo gida a leda.

Da wani abokin karatuna, ɗan Tatar, ya ga na yi jugum, sai ya ce ba zai bar ni a ɗaki ranar Sallah ba. Ya ɗauke ni a mota muka tafi wani ƙauye da ake kira Sviyazhsk, tafiyar kilomita 60 yamma da Kazan. Ƙauyen yana kan tudu, ruwa ya kewaye shi, a daidai inda kogin Sviyaga ya faɗa cikin Volga. In ka tsaya a saman tudun, duk inda ka juya ruwa ne shimfiɗe, gaɓar can da ƙyar ake hangenta. Tituna 'yan kaɗan ne, gidajen katako, da coci-coci masu fararen bango. Da aka yi ƙidaya a 2010, mutum 252 aka samu a ciki. Masu yawon buɗe ido da muka tarar sun fi 'yan garin yawa, tsofaffin mata kuma na zaune a bakin hanya suna sayar musu da bandararren kifi.

Baba, ku da kuke son labarin sarauta, ga wanda zai yi muku daɗi. A shekarar 1551 Sarkin Rasha Iban na Huɗu yana neman cin Kazan da yaƙi, lokacin ƙasar Musulmi ce mai sarkinta. Sai ya sa aka sare itatuwa a can nesa, wajen Uglich, aka harhaɗa gari sukutum da ganuwarsa, aka yi wa kowane gungume alama, aka wargaje, aka zuba a Volga ruwa ya kawo su nan. Cikin mako huɗu aka sake tayar da shi a kan wannan tudu. Daga nan rundunarsa ta samu wurin tsayawa, Kazan ta faɗi a 1552. Limamin da aka sa wa masallacinmu sunansa, Kul Sharif, a wannan yaƙin ya rasu yana kare garinsa tare da almajiransa. Da abokina ya gaya min haka jikina ya yi sanyi. Na yi masa addu'a a wurin. Masallacin kuwa sai a 2005 aka buɗe shi, bayan fiye da shekara 450.

Garin Sviyazhsk ya yi zamaninsa. A 1781 ya zama hedikwatar gunduma a ƙarƙashin Kazan, daga baya mutanensa suka haura 2,000. Bayan juyin juya halin Rasha na 1917 ya ci gaba da riƙe gunduma har zuwa 1931, sai a 1932 gwamnatin Sobiyat ta sauke shi daga matsayin gari ta mayar da shi ƙauye, kamar dai a ce an tuɓe hakimi an bar shi da dagaci. Gidan ibadar Kiristocin da ke ciki aka mayar gidan yari, daga baya asibitin masu taɓin hankali. Sannan ruwa ya zo. An gina babbar madatsar ruwa can gaba a kan kogin Volga, a 1957 ruwa ya taso ya cinye fadamu da gidajen da ke gangare, tudun ya zama tsibiri. Mutane da yawa suka tashi. Waɗanda suka ƙi tashi, shekara hamsin suna shiga da fita a jirgin ruwa, in hunturu ya zo kogi ya daskare su taka ƙanƙara da ƙafa. A 1997 aka mayar da ƙauyen ƙarƙashin gundumar Zelenodolsk, hanyar motar da muka bi sai a 2008 aka yi ta, a 2017 kuma hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa babban cocinsu cikin wuraren tarihi na duniya. Tsofaffin nan da suka zauna sun burge ni ƙwarai. An rage musu daraja, ruwa ya raba su da kowa, amma ba su bar garinsu ba.

Abokina ya zo da abinci daga gidansu, wani gasasshen fulawa mai kusurwa uku da nama da dankali a ciki, da soyayyen fulawa da aka jiƙa da zuma, da shayi. Sun yi min karamci, Allah ya saka musu da alheri, na ci na ƙoshi. Sai dai babu yaji ko kaɗan.

Inna, hanta ce ta tsaya min a rai. Ina zaune a bakin ruwan nan ina lissafin lokaci, na san a daidai sa'ar nan Baba ya dawo daga Idi bai sa komai a baki ba, an kayar da rago, Kawu ya naɗe hannun riga yana fiɗa. Ku kuma kun riga kun hura gawayi. Ana ciro hantar da ɗuminta ku yanka ta ƙanana, ku ɗora a kan garwashi, ku barbaɗa yajin nan naku mai ƙuliƙuli da citta. Baba ya ɗauki na farko da bismillah, sannan a miƙo mana a faranti, mu yi ta ƙona yatsu don babu mai haƙurin ta huce. Gobe kuma suya. Babban kasko a tsakar gida, kitse na narkewa, hayaƙi ya sa kowa hawaye, yara na kai wa maƙwabta nama suna dawowa da wani. A nan akwai naman halal a kowace kasuwa, ban rasa nama ba. Hantar ragon gidanmu nake so, daga hannunku. Idan kun zuba soyayyen a kwalla, don Allah a ɗebar wa almajiran ƙofar gida kasona.

A gaishe min da Iya da kyau da kyau. A zauna kusa da ita a ɗaga murya a gaya mata ina lafiya, sanyi bai kashe ni ba, ina sa rigar sanyin da ta matsa sai na saya. A ce mata carbin da ta ba ni yana aljihuna, da shi na je Idi. Yaya ƙafar tata? Kar a bar ta ta zauna kusa da hayaƙin suya, kun san tarinta. Goron Sallarta yana cikin abin da na turo wa Yaya, a saya mata mai kyau, farare.

A gaida Baffa da iyalinsa, da Kawu, da Gwaggo, da Yaya da amaryarsa. A gaida liman da mutanen majalisar ƙofar gida. Auta kuma, na ga hoton ɗinkin Sallarta, ya yi mata kyau sosai, lallen ma ya kama. Na ji an ce ta kai izu goma, Allah ya yi albarka, in ta sauke ina nan da alkawarina. Kuɗin yawon Sallah kar ta kashe duka a alewa. A gaida maƙwabta gaba ɗaya, da duk wanda ya tambaye ni.

Baba, Inna, ku ci gaba da sa ni a addu'a, jarrabawa na tafe. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Wassalam,
Ɗanku da ke Kazan