Roƙon tallafi domin zumuntar masu barin giya da ƙwaya

Iyayenmu maza da mata, dattawan ikkilisiya, da dukan 'yan'uwa cikin Almasihu, muna gaishe ku da sunan Ubangijinmu Yesu.

Kwamitin da ke kula da zumuntar masu barin giya da ƙwaya ne ke rubuto muku. Duk wanda ya zagaya bayan majami'a ya ga halin da ɗakin taronsu yake ciki. Rufin yana yoyo, silin ya kumbura ya fara zubowa, ƙofar ba ta rufuwa sai an tokare ta da dutse, tagar da ke kallon hanya kuwa ko labule babu. Mutum zai zauna ya fara faɗin abin da bai taɓa gaya wa matarsa ba, yana magana yana waiwayen ƙofa, da ya ji takun ƙafa sai ya yi shiru. Akwai waɗanda suka daina zuwa saboda wannan kaɗai. Dokar farko ta wannan zumunta ita ce abin da aka faɗa a ɗaki ya tsaya a ɗaki, kuma ba a riƙe wannan doka da ƙofar da ba ta rufuwa.

Ba mu muka ƙirƙiro wannan hanya ba. A 1935, a garin Akron na Amurka, Bill Wilson da likita Bob Smith, dukansu mashaya, suka gane cewa mai fama da giya ya fi iya riƙe kansa idan yana zama da wani mai irin damuwarsa suna gaya wa juna gaskiya. Daga nan matakai 12 da mashayi ke bi ɗaya bayan ɗaya don barin giya suka fito, aka buga su a 1939. A 1991 John Baker ya fara irin wannan shiri a cocin Saddleback a Kalifoniya, ya ɗora shi a kan koyarwar Yesu ta kan dutse. Daga wurinsu muka koyi raba maza da mata a ƙananan ƙungiyoyi, da haɗa kowane sabon zuwa da wani ɗan'uwa da ya daɗe da bari, namiji da namiji, mace da mace, wanda zai iya kira ko da tsakar dare ne.

Amma kafin a kai ga zama a da'ira ana magana, akwai kwana uku na farko, kuma nan ne kuɗi suka fi tafiya. Wanda ya shekara da shekaru yana shan giya kullum, idan ya bari a rana ɗaya, jikinsa zai iya kashe shi. Cikin awa 6 zuwa 24 bayan kofin ƙarshe hannu yakan fara rawa, gumi ya karyo, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, barci ya gagara. Kafin awa 48 wasu sukan faɗi suna fizge-fizge kamar masu farfaɗiya. Daga awa 48 zuwa 72 ne mafi haɗari: zazzaɓi, ruɗewa, ganin abubuwan da babu su, har mutum ya kasa gane 'ya'yansa. Iyalai da yawa sukan ɗauka aljanu ne, su kulle shi a ɗaki ana ta addu'a da azumi. Mun yarda da addu'a, da ita muke buɗe kowane taro, amma wannan hali na asibiti ne. Likita yana da maganin da ke kwantar da jijiyoyi yana rage shi a hankali, yana kuma ba da bitamin B1, domin ƙarancinsa a jikin mashayi yana lalata ƙwaƙwalwa, wani lokaci har abada. Shi ya sa ba ma ce wa kowa ya bari yau sai ma'aikacin lafiya ya duba shi. Yawancin masu zuwa wurinmu kuwa sun riga sun rasa aiki, ba su da ko kuɗin yankan kati.

Masu shan tiramadol da kodin nasu haɗarin daban ne. Idan suka bari, sukan yi kwanaki da ciwon ƙashi, gudawa, amai da zubar majina. Babban haɗarin yana zuwa ne bayan sun yi makonni ba su sha ba, domin jiki ya manta da yawan da ya saba ɗauka. Ranar da mutum ya zame ya sha daidai abin da yake sha a da, numfashinsa zai iya tsayawa. Akwai maganin gaggawa mai suna nalokzon da ke dawo da numfashi cikin 'yan mintoci, muna so masu jagorar zumuntar su koyi amfani da shi daga hannun ma'aikacin lafiya, su kuma san cewa ko bayan an ba shi dole a garzaya asibiti.

Mun san abin da wasu ke faɗa a bakin ƙofa bayan sujada: ai wane ya koma ruwa, me aka yi ke nan? Gaskiya ne, ana komawa. Jaraba ciwo ne mai dawowa kamar hawan jini, ba wanda yake cewa a daina taimakon mai hawan jini don jininsa ya sake hawa. Kuma mun san inda ake yawan zamewa: yunwa, fushi, kaɗaici, gajiya, sai ranar da kuɗi suka shiga hannu. Saboda haka ba ma barin a tashi taro ciki babu komai, ba ma kuma ba kowa tsabar kuɗi. Kuɗin asibiti a asibiti ake biya, kuɗin mota a hannun mai rakiya yake. Muna roƙonku ku ma kada ku miƙa musu kuɗi don tausayi, ku kawo wa ma'aji.

Iyayenmu mata na zumuntar mata, Allah ya sāka muku. Ku ne kuka riƙe ɗan abin da ake sa wa a baki duk mako ba fashi, ku ne kuke zama da matan waɗannan mutane a taronsu na daban, kuna koya musu kada su riƙa biyan bashin giya ko yin ƙarya a wurin aikin maigida don su kare shi, domin wannan rufin asiri shi ke tsawaita ciwon. Matasa kuma sun wanke ɗakin sun kwashe ruwa ba sau ɗaya ba. Akwai wani bawan Allah da ya biya wa mutum kuɗin kwanciya gaba ɗaya ya ce kada a ambaci sunansa, ba za mu ambata ba.

Sai dai ranar da aka ƙaddamar da shirin hannuwa da yawa sun tashi, an cike takardun alkawari, mafi yawansu har yau suna cikin akwatin ma'aji yadda aka ajiye su. Ba ma ƙorafi a kan wanda hali ya canja masa. Amma lokacin da aka nemi kuɗin kayan kiɗa da na fenti, ba a yi dogon roƙo ba. Waɗannan da ke zama a ɗakin baya ba baƙi ba ne, 'yan'uwa. A nan aka yi wa wasunsu baftisma, wasu sun yi waƙa a ƙungiyar mawaƙa, wasu iyayensu na zaune kusa da ku kowace Lahadi suna ɓoye hawaye. Manzo Bulus ya gaya wa Galatiyawa su maido da wanda ya faɗi cikin tawali'u, su ɗauki nauyin juna. Wa muke jira ya zo ya ɗauka mana?

Abin da muke nema shi ne gyaran rufi da silin, sabuwar ƙofa mai makulli, labule, kujeru 20 da za a jera a da'ira, akwatin ƙarfe mai kulluwa don ajiye takardu, da buga littattafan matakai domin kowa ya samu nasa ya rubuta a ciki. Bayan wannan muna so a kafa asusun asibiti wanda ba zai ƙafe ba. Ɗan kaɗan da zai riƙa shigowa kowane wata ya fi mana babbar kyauta ta rana ɗaya, domin mutum ba ya zaɓar ranar da zai ce ya gaji yana so ya bari, kuma idan ya faɗa aka ce ya jira wata mai zuwa, sau da yawa ba a sake ganinsa.

Masu sana'a, muna bukatarku ko ba da kuɗi ba. Kafinta ko birkila ya ba mu yini ɗaya. Nas ko likita ya ba mu awa biyu a wata. Mai shago ko gareji ya karɓi mutum ɗaya da ya yi wata uku bai sha ba ya koya masa aiki, domin zaman banza daga safe zuwa yamma shi ke mai da su majalisar da suka baro.

Ku sa gudummawarku a ambulan ku rubuta "zumuntar masu bari" a bayansa, ku saka lokacin baiko ko ku miƙa wa ma'aji hannu da hannu, zai ba ku rasit. Za a karanta abin da ya shigo da inda ya tafi a taron ikkilisiya. Wanda kuma yake da ɗa, miji, mata ko ƙane da ke cikin wannan hali, ya ga fasto ko ɗaya daga cikinmu a keɓe, ba za a rubuta sunansa a ko'ina ba.

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.

Kwamitin zumuntar masu barin giya da ƙwaya