Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Ƙwadago, kafin masu ɗinka jesi su sauka a Lekki

Assalamu alaikum ranka ya daɗe. Ni ɗan kasuwa ne a Agege, jesi nake saidawa da kambas da takalman ƙwallo, sababbin daga Balogun nake sarowa, gwanjon kuma a Katangua nake tsintarsu da asuba kafin 'yan uwa su wawashe. Ban yi boko mai zurfi ba amma abun da zan faɗa a hannuna yake wucewa kullum.

Ina da wata ɗabi'a, duk rigar da ta shigo shago sai na juya wuyanta na ga inda aka ɗinka ta. Biyetnam, Indunusiya, Kambodiya, Tailan, wani lokacin Bangaladash. Da wuya ka ga Jamus ko Amurka, alhali Adidas da Puma na Jamus ne, Nike kuma na Amurka. Su dai nasu zane ne da tambari da talla, ɗinkin kwangila suke bayarwa, kuma a nan wayon yake, don in abu ya lalace sai su ce ai ba ma'aikatanmu ba ne, na ɗan kwangila ne.

Ka tuna jesin Super Eagles na 2018 da Nike ta yi, wanda hukumar ƙwallo ta ce mutum miliyan 3 sun yi odarsa tun kafin ya fito, har layi aka yi a Landan? Wajen dala 90 ake saida na asali. Mu nan gaskiya na kwafi muka fi saidawa, wa zai iya wancan, Allah dai ya yafe mana. Amma tun lokacin nake tambayar kaina, cikin dala 90 ɗin nan nawa ne ya shiga hannun matar da ta zauna kan keke ta haɗa shi.

Ba yau aka fara wannan magana ba. A 1996 mujallar Life ta buga hoton wani yaro ɗan shekara 12 a Pakistan yana zaune a ƙasa yana ɗinka ƙwallo mai tambarin Nike, duniya ta ɗauka, ɗalibai a Amurka suka tayar da ƙayar baya. Sai a 1998 mai kamfanin, Phil Knight, ya fito ya amsa cewa sunan kayansu ya zama ɗaya da albashin bauta da tilasta wa mutane obataim, suka ɗaga shekarun ɗaukar aiki zuwa 18 a masana'antar takalmi, a 2005 kuma suka fitar da jerin masana'antun da suke musu aiki. An samu gyara, ba zan ƙi faɗa ba. Amma ka lura ba tausayi ne ya kawo gyaran ba, tonon asiri ne da tsoron kada kasuwa ta faɗi.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na wata masana'anta a Indunusiya mai suna PT Kizone. Mai ita ya tsere a 2011 ya bar ma'aikata kusan 2,800 ba kuɗin sallama, kuma kayan Adidas da Nike suke ɗinkawa. Nike ta bada wani kaso, Adidas ta ce ita ta biya kuɗin kayanta ba ruwanta, aka yi ta ja har 2013 sai da jami'o'i a Amurka suka fara soke kwangila da ita sannan ta sasanta. Shekara biyu mutum yana jiran haƙƙinsa, da haya da kuɗin makaranta a kansa.

Na san wannan jiran ranka ya daɗe, a gidanmu na gan shi. Mahaifina shekara ashirin da wani abu ya yi a wata masaƙa a Kakuri, wata rana suka je aiki suka tarar da kwaɗo a get. Ya yi ta zarya da takardunsa a cikin leda, yau a ce su dawo gobe, gobe a ce manaja ya yi tafiya, har Allah ya karɓi abinsa garatutin bai fito ba. Dalilin da ya sa na baro Kaduna na zo Legas kenan ina ɗan shekara sha tara, na fara da dako a Mile 12 kafin Allah ya buɗa.

Toh me ya kawo wannan duka gabanka? Kullum muna jin gwamnati tana kiran masu zuba jari su zo su buɗe masana'antar tufafi, ga Lekki ga tashar ruwa sabuwa, ga matasa zaune. Wallahi ina so su zo, yaran unguwarmu da suka rasa aiki tun da aka hana okada a manyan tituna sun isa su cika masana'anta goma. Abun da nake tsoro shi ne a tallata mu da araha. Habasha ta gwada haka, ta buɗe rukunin masana'antu na Hawassa a 2016 tana kiran kamfanoni da cewa leburanta sun fi na kowa sauƙi, a 2019 wani bincike na jami'ar New York ya gano ana biyan masu ɗinki dala 26 a wata, mutane suna shiga suna gudu don kuɗin ko ɗaki da abinci ba ya kaiwa. Mu ma namu mafi ƙarancin albashin naira 70,000 ne, Legas ta ce 85,000, cire kuɗin danfo daga Agege zuwa wurin aiki ka ga me ya rage. Kuma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kaga ɗan kwangila mai wayo sai ya rarraba aikin a ƙananan shaguna ya huta.

Sai dokar nan ta 1992 ta yankunan sarrafa kayan fitarwa, wadda ta hana yajin aiki na shekara 10 daga ranar da yanki ya fara aiki. Ranka ya daɗe wannan fa an ɗaure mutum ne sannan aka ce ya yi ciniki. Ma'aikatan Yue Yuen a China, masu haɗa wa Nike da Adidas takalma, dubbai ne suka ajiye aiki a 2014 kafin aka saurare su kan kuɗin fanshonsu, mu kuma tun kafin baƙon ya iso mun rubuta masa cewa ba mai ɗaga murya. Dan Allah a kai wannan sashe majalisa a cire shi, a bar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da teloli ta shiga ko'ina.

Roƙona babba dai ɗaya ne. Duk masana'antar da za ta ɗinka wa wani babban tambari kaya a ƙasar nan, a sa ta ajiye kuɗin sallamar ma'aikata a asusu na daban tun daga watan farko, kuma shi mai tambarin ya sa hannu cewa in ɗan kwangilarsa ya gudu shi zai biya. Sunansa ne a ƙirjin rigar, shi ke cin ribar.

Batun kare ran ma'aikata kuwa ba sai na kai ka Rana Plaza ba, ginin masana'antun ɗinki a Bangaladash da ya rufta, inda mutum sama da 1,100 suka mutu a 2013. A nan Odogunyan ta Ikorodu a 2002 gobara ta tashi a wata masana'antar roba cikin dare, ma'aikata da yawa suka ƙone saboda an kulle su a ciki. Ka turo jami'an dubawa na ma'aikatarka su riƙa zuwa da dare ba sanarwa, su taɓa kowace ƙofa da hannunsu, kuma a ba su kuɗin motarsu daga ofis kada mai masana'anta ne zai biya musu.

Na gode ranka ya daɗe, Allah ya taya riƙo.

Naka,
Wani mai saida jesi, Agege, Legas