Yaran data da suka fito daga kabine, a daina yi musu kuɗin goro

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Na saurari shirinku na matasa da neman aiki inda aka taɓo maganar yaran nan masu kimiyyar bayanai, waɗanda mu dai muke ce wa masu aikin data, kuma aka nuna kamar duk wanda ya yi shekara biyu uku a kamfanin ba da shawara, wato kabine, to ya haye, ko'ina ya kai dosiye, wato takardun neman aiki, ɗauka za a yi. Ni ina cikin masu zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata a wata ma'aikatar ba da ƙananan rance a nan Garwa, kuma wallahi abin da nake ji a bakin masu ɗauka ba haka yake ba.

Ido biyu ake kallon yaran nan da shi. In sunan kabine da ke kan CV, wato takardar tarihin karatu da aiki, babba ne, irin su Deloitte ko KPMG ko EY na Duwala, sai ka ga kowa ya gyara zama tun kafin yaro ya buɗe baki, har ana raɗa cewa anya za mu iya biyansa kuwa. In kuma ƙaramar kabine ce ta Marwa ko Ngaundere wadda ke karɓar kwangilar bincike daga ƙungiyoyin agaji, sai a taɓe baki a ce ai ɗan ci-rani ne, wata uku nan wata huɗu can, ba zai zauna ba. Duka biyun suna ake dubawa, ba wanda ya tambayi me yaron ya taɓa da hannunsa. Kuma suna ba ya dawwama, ko a 2025 babbar kabine ta PwC ta raba gari da ofisoshinta na ƙasashe da dama masu Faransanci har da na Kamaru, to wanda ya koyi aiki a can iliminsa ya tafi da allon ƙofar ne?

Amma fa bari in faɗi gaskiya, tsoron masu ɗauka ba a banza yake ba, ni ma ina da shi. Aikin kabine shi ne a zo, a karɓi bayanai, a yi lissafi, a haɗa rahoto mai kyau da zane-zane kala-kala a manhajar Power BI, a gabatar a otal a sha lemo a tafa, a biya, kowa ya kama gabansa. Wanda ya saba da haka sau da yawa bai taɓa zama ya ga abin da ya gina bayan wata shida ba, lokacin da damina ta yi gardama manoman auduga da masara suka kasa biya a kan kari kuma tsarin nasa na hasashen wa zai biya wa ba zai biya ba ya fara ba da shirme, ga ma'aikatan reshe suna shigar da suna ɗaya iri uku, yau Aissatou gobe Aichatou jibi Aïssa, ga wuta ta ɗauke intanet ya yanke, ga manaja yana jiran amsa kafin azahar. Wannan zaman da jinyar aiki shi ne ma'aikata ke nema, kuma shi ne kabine ba ta cika koyarwa ba. Akwai ma waɗanda in ka tona sai ka tarar duk shekarunsu a babbar kabine gyaran shafukan PowerPoint suka yi, Python ɗin da ke kan takarda, wato yaren kwamfuta na sarrafa bayanai, tun na makaranta ne.

To amma ɗaya ɓangaren shi ya fi ci min rai. Yaron da ya gama a jami'ar Marwa ko Ngaundere, ko ma makarantar ƙididdiga ta ISSEA a Yawunde, ya dawo arewa ya bi ƙaramar kabine, ya shiga sansanin 'yan gudun hijira na Minawao da aka buɗe tun 2013, ya je Mora da Kuseri, ya bi mutanen Yagwa bayan ambaliyar 2024 da waya a hannu yana cika amsoshi a manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox, tambayar da aka rubuta da Faransanci ya juya ta Fulatanci ko Larabcin Shuwa ko Barbarci yadda tsohuwa za ta gane ta ba da amsar gaskiya, dare ya yi ya zauna yana tsince bayanan da aka maimaita da waɗanda wani malalacin mai tambaya ya zauna gindin bishiya ya cike da kansa. Wannan yaron ya san inda lamba ke yin ƙarya, ya san in magidanci ya ce buhu biyar ya noma to akwai dalilin da ya sa bai ce goma ba. A wajena ya fi mai kwat ɗin Duwala amfani ga ma'aikata irin tamu, amma shi ne ake fara ajiye dosiyensa gefe.

Kuma laifin ba na masu ɗauka kaɗai ba ne, ƙananan kabine ɗin nan su ma suna cutar yaran. Da yawa kuɗin yini ake biyansu, ba kwantiragi a rubuce, ba rajista a CNPS, hukumar fansho da inshorar ma'aikata, an sa musu suna masu ba da hidima don kada a ce ma'aikata ne, alhali dokar ƙwadago ta 1992 ta ce ma'aikaci in zai tafi a ba shi takardar shaidar aiki. Sai yaro ya zo gabanmu da shekara uku na wahala amma ba takarda ko ɗaya, ka ce ya nuna aikin ya ce ya sa hannu ba zai fitar da bayanan mai kwangila ba, kuma gaskiyarsa ce, balle yanzu da aka yi dokar kare bayanan mutane a Disamba 2024. Mu kuma sai mu rubuta ba shi da ƙwarewa, haba.

Ni abin da na koma yi, kuma nake roƙon 'yan uwana masu ɗauka su gwada, shi ne in ajiye CV in miƙa wa mutum fayil ɗin Excel mai datti wanda aka cire sunaye, in ba shi kwamfuta da awa biyu, ya dawo ya faɗa min me ya gani da Hausa ko Fulatanci yadda shugaban reshe zai fahimta. Sannan in tambaye shi, rahoton da ka yi na ƙarshe wa ya yi aiki da shi, me aka canza saboda shi? Wanda ya ce bai sani ba ban kore shi ba, amma na san akwai sauran koyo. Su kuma ƙannenmu, dan Allah duk kwangilar da kuka gama ku tsaya sai an ba ku takardar kammala aiki mai hatimi da ta faɗi ainihin abin da kuka yi, kar ku yarda da sai gobe.

Malam Edita in da hali a sake shirin, a gayyato mai kabine ɗaya da mai ɗaukar ma'aikata ɗaya daga nan arewa su zauna teburi guda, a kuma buɗe layi yaran su bugo su faɗi nasu. Na gode, a gaida ma'aikata.

Mai sauraronku daga unguwar Yelwa, Garwa