Kafin ka hau mumbari

Ɗana,

Assalamu alaikum. Muna nan lafiya. Labari ya iso mana cewa liman zai yi tafiya, kai ya ce ka yi huɗubar Juma'a mai zuwa. Allah ya sa albarka. Mahaifiyarka har guɗa ta yi, ni kuwa barci ya ƙaurace mini, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kalmar mumbari aro muka yi daga Larabci, minbar, asalinta kuwa ɗagawa ne: wurin da aka ɗaga don murya ta kai sahun baya. Na Manzon Allah (SAW) a Madina matakala uku ne kacal, na itace, wani kafinta bawan wata mata daga Ansaru ya yi masa. Kafin nan kututturen dabino yake jingina da shi, ka kuma san hadisin kukan da kututturen ya yi ranar da aka bar shi. An ruwaito cewa da Sayyidina Abubakar ya zama halifa bai tsaya inda Annabi yake tsayawa ba, sai ya sauko mataki ɗaya. Sayyidina Umar ya ƙara saukowa. Su ke nan fa, balle kai.

Yanzu kalmar ta bazu. Sai ka ji a rediyo an ce ɗan takara ya hau mumbari a filin kamfen. Ni dai dandamali nake ce wa wannan. A dandamali in ka yi ƙarya ana iya yi maka ihu. A mumbari kuwa babu mai tanka maka, don ko wanda ya ce wa na kusa da shi "yi shiru" ana cikin huɗuba ya yi lagawu, wato maganar banza. Masallaci cike da dattawa, wasu sun haifi ubanka, duk an ɗaure musu baki sai kai kaɗai.

Ina saurayi, wani limami ya yi rigimar iyakar gona da maƙwabcinsa. Ranar Juma'a ya hau ya yi ta habaici a kan masu cin ƙasar mutane. Bai kama suna ba, amma kowa ya waiwaya. Bawan Allahn nan bai sake sallah a masallacin ba har ya rasu. Wanda ya ɓata maka rai, ka same shi a zaurensa, inda shi ma yake da baki.

Ka kuma taƙaita. Hadisin Ammar yana nan a Muslim: tsawaita sallah da gajarta huɗuba alamar fahimtar mutum ce. Akwai waɗanda ke waje a kan tabarma, rana na dukan su.

Mahaifiyarka ta ba ƙanenka farar riga da turare, zai kawo maka ranar Laraba.

Mahaifinka