Masu tafiya bida Basam, a faɗa musu gaskiyar garin

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatanku, dan Allah ku ba ni ɗan fili in yi magana kan samarinmu na Damagaram masu tafiya bida Kwaddibuwa, musamman masu sauka Basam, wato Grand-Bassam, garin nan na bakin teku kusa da Abijan. Da an gama girbi ka leƙa tasha ka gani, yara ne maƙil kowa da jaka a kafaɗa, in ka tambaye su me ya ja su sai a buɗe maka WhatsApp a nuna maka wani ɗan unguwa tsaye gaban ruwa da baƙin tabarau. Ni na yi shekaru a garin ina tallar kayan dukawanmu, jakunkuna da takalma da alabe, shi ya sa nake ganin ina da bakin magana.

Basam tsohon gari ne mai tarihi. A 1893 Faransawa suka mai da shi hedikwatar mulkinsu a ƙasar, sai annobar shawara ta 1899 ta kashe musu mutane da yawa, suka kwashe komatsansu suka koma Bingerville. Mu 'yan Damagaram ai ba sai an yi mana bayanin wannan ba, tunda mu ma hedikwata muke har 1926 aka ɗauke aka kai Yamai. Tsofaffin gine-ginen Nasara na nan a unguwar da suke kira Quartier France, gidan gwamna ya zama gidan ajiye tufafin gargajiya, kuma a 2012 UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya. Tsakaninsa da Abijan wajen kilomita 40 ne kawai, tun da aka buɗe babbar hanya a 2015 kuwa Asabar da Lahadi mutanen Abijan ke kwararowa, ba masaka tsinke a bakin ruwa. Ranar Litinin ka dawo wurin, daga kai sai masu shara.

To amma garin yana da masu shi fa, abin da yaranmu ba su sani ba kenan sai sun je. Akwai 'yan ƙabilar Nzima da Abure, suna da sarakunansu, Nzima kuma suna da bikinsu na Abisa da ake yi wajen ƙarshen Oktoba, akwai kuma masunta Fanti da kakanninsu suka zo daga Gana. Waɗannan mutanen su ma a matse suke wallahi. Gonakin kwakwa da na sani a gefen hanya yanzu duk an sare an yi rukunin gidaje, mai kuɗi daga Abijan ko daga Faransa zai sayi fili ya gina gida ya zagaye da katanga, ya riƙa zuwa kwana biyu a sati, sauran ranakun maigadi ne a ciki, kuma sau da yawa maigadin nan namu ne ko ɗan Burkina. Haya ta tashi, ɗan gari da aka haifa a unguwa ya kasa kama ɗaki a unguwar ubansa, aikin da ya rage masa shi ne ɗaukar tire a otel ko goge kujerun da aka jera gaban ruwan da kakansa ke tura kwalekwale. Ga teku na cin gaɓa a hankali, ga ambaliya irin ta 2019 da ruwa ya shiga gidaje saboda yashi ya toshe bakin kogin Komowe.

Yanzu ka ce mutum yana cikin wannan hali, haushinsa a kan wa zai sauke? Mai katanga ba ya ganinsa, ko ya gan shi ma ranka ya daɗe zai ce. Wanda yake gani kullum shi ne yaron nan namu da ya baza tabarau da caja a ƙofar gidansa, ko ya kafa tukubar tsire hayaƙi na shiga masa ɗaki. Ba wai ina wanke su ba ne, an sha kwashe mana kaya ba gaira ba dalili, an sha kiranmu da sunayen da ba zan rubuta a jarida ba. Amma mu ma a faɗi gaskiya, yaro zai sauka gari bai gaida kowa ba, bai san mai unguwa ba, Faransanci babu, yaren gari ko gaisuwa babu, su cika ɗaki ɗaya kamar an zuba kaji a akurki, dare ya yi a tsuguna jikin bangon mutane. Dattawanmu da suka riga mu zuwa ba haka suka yi ba, sun san baƙo raɓa ne, shi ya sa har yau ake ganin girmansu, wasu ma sun yi aure a can.

Sai maganar samu. Kasuwar bakin ruwa ta kwana biyu ce a sati, in damina ta kankama wajen Mayu zuwa Yuli kuma sai ka yi ta cin abin da ka tara. Ranar 13 ga Maris 2016 da 'yan bindiga suka buɗe wuta a bakin tekun suka kashe mutum 19, otel-otel suka zama kufai na tsawon lokaci, mu kuma masu talla da muka fito daga arewa aka koma yi mana wani irin kallo, alhali mu ma gudun ceton rai muka yi. Korona ta zo ta ƙara nata. Shi kansa ruwan ba abin wasa ba ne, igiyar Basam tana jan mutum ciki, yaron da ya koyi iyo a tafkin damina ya ɗauka duk ɗaya ne. 'Yan gari da kansu suna hana mutane shiga in ya yi fushi.

Ban ce kar a je ba. Akwai waɗanda da kuɗin sayar da tsire da garba, wato aceke (dambun rogo) da soyayyen kifi, suka gina gida nan Damagaram suka kai iyaye Makka, ni kaina wata tsohuwa 'yar Nzima ta sha ba ni aceke da kifi bashi in kasuwa ta ƙi, Allah ya saka mata. Kuma wanda ya kwana yana jiran ruwan famfo a garin nan ba zai zargi yaro don ya nemi wani wuri ba.

Abin da ya fi damuna takardu ne. A Kwaddibuwa haihuwa a ƙasar ba ta sa ka zama ɗan ƙasa, sai in uwa ko uba ɗan ƙasa ne. Yara nawa aka haifa mana can, ba su da takardar can, uban kuma bai taɓa taka ofishin jakadancinmu ya yi musu ta Nijar ba? Sai lokacin jarabawar lakwal ta zo a fara kame-kame. Ga shi tun Janairun 2025 mun fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, an dai ce zirga-zirga ta ci gaba yadda take kafin a ga abin da hali zai yi, to wannan ba abin da mutum zai jingina da shi ba ne ya tafi hannu rabbana.

Roƙona gare ku Edita, ku tura wakilinku Basam, amma dan Allah kar ya je ranar Lahadi, ya je Talata, ya zauna da shugabannin 'yan Nijar na can ya kuma zauna da 'yan gari ya ji ta bakinsu, gidajen rediyonmu su karanta wa mutanen ƙauye. Iyaye kuma kafin ku sa wa yaro albarka ku tambaye shi gidan wa zai sauka, ku ga katinsa na ɗan ƙasa da idonku, ku ce masa yana isa ya yi katin jakadanci.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka jaridarku.

Naku,
Wani tsohon ɗan bida, unguwar Zango, Damagaram