Zuwa ga abokan cinikinmu, kan kuɗin da suka maƙale

Assalamu alaikum.

Makon jiya da yawa daga cikinku kun kira mu rai a ɓace. An tura kuɗi, na'ura ta tsaya tana ta juyi, ba ta ce ya tafi ba, ba ta ce ya dawo ba, ga mai kuɗi tsaye a gabanku. Wasu sun ɗora wa netiwok laifi. Yana da nasa kason, amma asalin kuskuren namu ne.

Manhajarmu tana magana da babbar kwamfutar banki, ƙirar IBM, ta hanyar TCP. Ita wannan hanya tamkar bututun ruwa ce. Duk abin da aka zuba mata za ta kai shi a jere ba tare da ɗigo ya ɓata ba, sai dai ba ruwanta da inda saƙo ɗaya ya ƙare wani ya fara. Saƙo guda kan iso kashi biyu, biyu kuma su iso manne da juna.

Shi ya sa ake rubuta wa saƙo tsawonsa a goshi. A tsarin IMS, manhajar IBM da kwamfutar bankin ke sarrafa hada-hada da ita, wanda ke aiki tun 1968, ƙofar da muke bi ita ce IMS Connect. Bayit 4 na farko (bayit shi ne ma'aunin girman bayanai a kwamfuta) suna faɗin tsawon saƙon baki ɗaya, har da su kansu. Kowane yanki a ciki ma yana ɗauke da nasa tsawon, sannan mu rufe da wani ɗan yanki mai bayit 4 wanda ba ya ɗauke da komai, alamar mun gama. Amsar banki ita ma da tsawonta take zuwa.

To, a nan muka yi sakaci. Manhajarmu ba ta ƙirgawa, abin da ya fara isowa shi take ɗauka cikakkiyar amsa. A ofishinmu layi na da ƙarfi, amsa kan zo a dunƙule, don haka gwaji bai taɓa tona mana asiri ba. A kasuwa kuwa rabi ke fara zuwa, sai ta kasa gane shi ta yi watsi da shi, alhali banki ya riga ya cire kuɗin.

Mun gyara. Yanzu sai ta karanta tsawon, ta jira ya cika cif, kafin ta nuna muku sakamako. Don Allah ku sabunta manhajar yau. Wanda kuɗinsa ya maƙale kada ya sake turawa, ya aiko mana da lambar rasit, mu za mu bi sawunsa a banki.

Ku yi mana afuwa.

Hukumar kamfani