Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Ilimi Mai Zurfi game da koyon aikin ɗalibai

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku ne daga Tawa a kan ɗalibanmu masu karatun tattalin arziki da tafiyar da kamfanoni, waɗanda ake sa ran gobe su riƙe ma'aikatu da kasuwannin ƙasar nan. Tun daga shekarar 2010 da aka kafa jami'o'i a Tawa da Maraɗi da Damagaram, ɗan Adar, wato yankinmu na Tawa, ya huta da dole sai ya je Yamai kafin ya sami digiri, kuma wannan abin godiya ne. Sai dai har yanzu lokacin koyon sanin makamar aiki ya fi zama sharaɗin cika takarda, domin wurin yakan samu ne ga mai hanya, wanda ya samu kuma sau da yawa yakan ƙare watanninsa yana buga takardu da kai saƙo.

Roƙona shi ne a faɗaɗa abin da ake ɗauka a matsayin wurin koyon aiki. Bankuna da ofisoshin gwamnati da masana'antar siminti ta Malbaza ba za su iya ɗaukar kowa ba, alhali jihar nan cike take da harkoki masu juya miliyoyi. Ku dubi albasar Galmi, wadda manyan motoci ke kwasa har Gana da Abijan. Ɗalibin da aka haɗa da ƙungiyar manoma a lokacin girbi zai ga yadda farashin buhu ke faɗuwa idan kaya sun cika kasuwa, zai zauna cikin gardamar ko a sayar yanzu a biya bashin taki ko a zuba a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, a jira tsada, tare da sanin cewa wani kaso zai ruɓe kafin lokacin. Zai ji yadda dillali ke yanke la'adarsa, ya kuma koyi yi wa dattijon da a shekaru ya haife shi bayanin lissafi ba tare da ya ci masa fuska ba, wanda a ganina shi ne darasin shugabanci mafi wuya. Haka abin yake a kasuwar dabbobi ta Badagishiri da wajen 'yan kasuwar Ƙonni masu hulɗa da Illela ta Nijeriya.

Abin da ake buƙata daga ma'aikatarku bai fi ƙarfinta ba. A ƙulla yarjejeniya da Majalisar 'Yan Kasuwa da ƙungiyoyin manoma da makiyaya, jami'a ta raba wuraren da kanta, a damƙa wa kowane ɗalibi aiki takamaimai wanda za a tambaye shi a kansa, malami kuma ya riƙa kai ziyara kafin a ba da maki. A tanadi ɗan kuɗin mota da abinci, musamman ga 'yan mata, domin iyaye ba za su saki ɗiyarsu zuwa wani gari ba sai sun san masaukinta. Ina fatan za a fara gwajin a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa kafin girbin albasa mai zuwa.

Ku huta lafiya.

Wani mahaifin ɗalibi,
Tawa